SHARHI: Wa Zai Ɗauki Nauyin Adana Kayan Tarihin Sufuri Da Masana'antu A Yankin Jama'are Da Katagum?

Jama'are (Jihar Bauci) – A duk lokacin da ake maganar kayan tarihi a ƙasar nan, abin da ya fi saurin zuwa zukatan jama'a shi ne ganuwa da ƙofofin gari da fadojin sarakuna da takubba da tsofaffin littattafan malamai. Ba safai akan tuna da sikelin awon gyaɗa, ko kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal, ko kwale-kwalen 'yan fito, ko tsohuwar motar ɗaukar kaya mai bodin katako ba. Alhali kuwa waɗannan su ne kayayyakin da suka yi dakon arzikin Arewa shekara da shekaru, kuma su ne suke ɓacewa da sauri fiye da kowane irin kayan tarihi, domin ƙarfe yana da kasuwa a wurin 'yan jari-bola, katako kuwa gara ce ke jiransa.

Babu mai musun cewa adana irin waɗannan kayayyaki abu ne mai kyau. Inda gizo yake saƙar shi ne wajen kuɗi: wa zai biya, daga wane aljihu, kuma har zuwa yaushe? Wannan tambaya ta shafi Nijeriya baki ɗaya, amma ta fi tsanani a wurare irin su Jama'are da Azare da Katagum, waɗanda suke nesa da manyan gidajen tarihi na gwamnatin tarayya, ga shi kuma tarihin tattalin arzikinsu kusan duka tarihin hanya ne da kogi da fatauci.

Tun kafin zuwan Turawa, wannan yanki yana kan babbar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Barno. Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, Muhammadu Wabi kuma ya kafa masarautar Jama'are wajen 1811, dukkansu masu riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. A watan Janairu na 1824 Turawan nan biyu masu yawon bincike, Hugh Clapperton da Dokta Walter Oudney, sun iso ƙasar Katagum daga Barno a zamanin Sarki Ɗankauwa. Oudney ya mutu a Murmur kusa da garin, Clapperton kuwa ya zarce Kano da Sakkwato. Bayanan wannan tafiya sun nuna Katagum gari ne mai ganuwa da kasuwa mai ci, inda ake ciniki da kuɗin wuri. Ta wannan hanya ayarin fatake suke wucewa da kanwa da gishiri da dabbobi zuwa yamma, su komo da tufafi da goro da kayan ƙira, ta nan kuma maniyyata aikin Hajji na ƙasa suke miƙawa gabas. Madugu da jagaba da masu zango da 'yan fito a mashigan kogin Jama'are duk ma'aikatan sufuri ne na zamaninsu, kuma suna da kayan aiki da ƙa'idoji da kuɗin fito da suka cancanci a rubuta a ajiye.

Zuwan jirgin ƙasa ya sauya wannan tsari. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930 ta Ringim da Malam Madori. Daga kudu kuma, tsakanin 1958 da 1964, aka shimfiɗa layin da ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauci da Gombe ya ƙare a Maiduguri, wanda aka yi da taimakon rancen Dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958, rance na farko da bankin ya ba Nijeriya. Jama'are da Azare sun faɗa tsakanin layukan nan biyu, babu wanda ya ratsa su. Saboda haka gyaɗa da audugar da manoman yankin suka noma sai an yi jigilarsu a kan jakuna da takarkarai, daga baya kuma a manyan motoci, zuwa inda jirgi yake. Wannan ne ya sa gadon wannan yanki ta fuskar sufuri ya fi karkata ga hanyar mota da tashoshinta, da gadoji da mashigan ruwa, da wuraren awo da rumbunan ajiyar amfanin gona, da kuma injin gurzar auduga irin wanda aka kafa a Misau.

Kowa ya san yadda wannan zamani ya ƙare. Fari na 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sa'an nan a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita a Kano da Malam Madori ta koma sai a hoto. Abin takaici shi ne, a lokacin da ake rufe waɗannan hukumomi da gwanjon kadarorinsu, hankali ya tafi ne ga abin da za a samu na kuɗi, ba a yi wani tsari na zaɓen abin da za a ajiye wa 'yan baya ba. Haka labarin yake a masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suka ɗauki dubban ma'aikata, daga baya suka durƙushe. Ko a garin Bauci, kamfanin Steyr da ya fara harhaɗa taraktoci da manyan motoci a ƙarshen shekarun 1970 wani babi ne na tarihin masana'antun jihar da ya kamata a ce an tanadi samfurin abin da ya ƙera a wurin da ɗalibai za su gani.

Akwai dalilai uku da suka sa irin waɗannan kayayyaki suke salwanta. Na farko shi ne yadda ake lissafin kadarorin gwamnati. A littafin akanta, inji ko mota ko tarago yana rage daraja kowace shekara har ya kai matsayin da ba shi da ƙima sai ta nauyin ƙarfensa, daga nan sai kwamitin gwanjo. Babu gurbi a cikin wannan lissafi da ake rubuta darajar tarihi. Na biyu shi ne doka. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da Doka mai lamba 77 ta 1979, ta gaji aikinta ne daga tsohon sashen kula da kayan gargajiya, kuma dokar ta fi mai da hankali ga kayan da aka tono daga ƙasa da na sana'ar hannu, har ta ambaci shekarar 1918 a matsayin iyaka ga wasu daga cikinsu. Motar kaya ta shekarun 1950 ko sikelin kanti ba su shiga wannan sahu kai tsaye ba. Na uku kuwa shi ne talauci da sata. Rahotannin kama masu kwance ƙarafan layin dogo suna sayarwa sun zama ruwan dare a jihohin Arewa, kuma wanda bai bar layin da ake sa ran gyarawa ba, ba zai bar tsohon injin da aka yi watsi da shi a bayan gari ba.

To, akwai masu cewa wannan duk maganar masu ƙoshi ce. A ganinsu, yankin da yake fama da ƙarancin magunguna a asibiti da azuzuwa marasa kujeru, yankin da ambaliyar ruwa ta yanke masa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a damunar 2024, ba shi da rarar kuɗin da zai kashe wa tsohon ƙarfe. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk mai neman a ware kuɗi domin kayan tarihi wajibi ne ya amsa ta da gaskiya. Gaskiyar kuwa ita ce, bai dace a ɗebi kuɗin magani ko na gyaran aji a gina gidan tarihi ba. Haka nan bai dace a yaudari jama'a da alkawarin cewa 'yan yawon buɗe ido za su yi ta tururuwa daga ƙasashen waje su biya kuɗin aikin ba. Jama'are ba ta kan hanyar irin waɗannan baƙi, kuma ko a inda suke zuwa da yawa kuɗin ƙofa bai cika riƙe gidan tarihi ba.

Amma amsar ba ta tsaya nan ba. Asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi, kan jirgin da aka yanka aka narkar kuwa ya tafi ke nan har abada. Dattawan da suka yi aikin awo da dako da tuƙi da fito a zamanin gyaɗa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowannensu yana tafiya da abin da ya sani. Daɗin daɗawa, matakan farko na wannan aiki ba su da tsada ko kaɗan in an gwada su da abin da ake kashewa a bikin buɗe hanya guda. Akwai kuma amfani na zahiri. Ɗalibin koyon aikin injiniya da ya ga yadda injin tururi yake aiki da idonsa ya fi wanda ya gani a zane fahimta. Mai tsara manufofin noma da ya san yadda aka haɗa manomi da ɗan baranda da wakilin saye da jirgin ƙasa har zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas ya fi sanin inda aka yi daidai da inda aka cuci manomi. Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya, amma ga masu neman farfaɗo da noman gyaɗa da auduga, waiwayen yana cikin guzurin tafiyar ne.

Kusa da wannan yanki akwai misalin da ya isa darasi. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, a gefen kogin Komadugu Gana wanda ya biyo ta ƙasar Misau, sai ya ci karo da wani tsohon kwale-kwale a binne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus sun yi aikin tono shi a 1994, bincike kuma ya nuna ya kai kimanin shekaru 8,000, tsawonsa ya zarce mita 8. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka. Sai a 1998 aka ɗago shi aka kai shi Damaturu domin a yi masa maganin da zai hana katakon tsagewa da ruɓewa. Shekaru 11 ke nan tsakanin ganowa da ɗagowa, kuma ɗagowar ita ce farkon ɗawainiya, domin katakon da ya daɗe cikin danshi yana bukatar kulawa ta shekaru. Abin lura a nan shi ne, kuɗin ceto abu na lokaci ɗaya ne, ana iya samunsa daga abokan hulɗa na waje, kuɗin riƙo kuwa na kullum ne, kuma babu baƙon da zai ɗauke wa mai gida shi.

Ko ƙasashen da suka fi Nijeriya wadata suna fama da wannan matsala. A Ingila, gadar ƙarfe ta Ironbridge da aka gina a 1779, da gidajen tarihin masana'antu da ke kewaye da ita, suna cikin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta amince da su tun 1986. Duk da haka ƙungiyar amintattun da aka kafa a 1967 domin kula da gidajen tarihin ta sha fama da ƙarancin kuɗi, har a 2025 aka ba da sanarwar miƙa su ga babbar ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta ƙasar tare da tallafin Fam miliyan 9 daga gwamnati. Tsohon jirgin ruwan dakon shayi mai suna Cutty Sark da ke Landan, wanda gobara ta kama a 2007 ana tsakiyar gyaransa, sai da ya ci kimanin Fam miliyan 50 kafin a sake buɗe shi a 2012. Babban kaso na irin waɗannan kuɗaɗe a can yana fitowa ne daga asusun da aka kafa a 1994 da ribar cacar ƙasa. Wannan hanya ba ta dace da al'ummar Musulmi irin ta Katagum da Jama'are ba, amma hikimar da ke cikinta abin dubawa ce: an nemi wata kafar kuɗi mai gudana wadda ba ta jiran kasafin kuɗin shekara.

A cikin gida ma akwai abin koyi. Ƙaramin layin dogon da aka yi wa laƙabi da sunan Bauci, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin dakon kuza, an kammala shi a 1914 aka rufe shi a 1957, ko da yake bai taɓa isa garin Bauci ba. Da ba domin an ajiye wasu daga cikin kawunan jiragensa a harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ba, da yanzu sai dai labari. A Legas kuma wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe na 1898 da ke Ebute Metta, wato gidan Jaekel, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi a 2010 da yardar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Ƙasar Kenya ta buɗe gidan tarihin jiragen ƙasa a Nairobi tun 1971. A dukkan misalan nan abin da ya yi aiki shi ne mai kaya ya yarda ya ware wani abu kafin ya lalace, aka kuma sami wanda ya ɗauki alhakin riƙe shi.

Idan aka dubi waɗannan darussa, hanyar da ta fi dacewa da yankin Jama'are da Azare da Katagum ita ce a raba nauyin gida-gida, kowa ya ɗauki abin da ya dace da ƙarfinsa da aikinsa.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ba a neman kuɗin adana abin da ba a san da shi ba. Yankin yana da manyan makarantu da za su iya wannan aiki: Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jama'are wadda aka amince da kafa ta a 2020, da Jami'ar Jihar Bauci da ke Gadau wadda aka sa wa sunan Sa'adu Zungur. Malaman tarihi da na fasaha tare da ɗalibansu za su iya zagaya garuruwa su rubuta duk abin da ya yi saura na tsofaffin kantuna da rumbuna da sikeli da gadoji da mashigai da motoci da kwale-kwale, su ɗauki hotunansu, su kuma naɗi muryoyin dattawan da suka yi aiki da su. Kuɗin wannan aiki ba sabon kasafi yake bukata ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni da aka kafa a 1993, yana ba da kuɗin bincike ga irin waɗannan makarantu. Abin da ya rage shi ne shugabanninsu su sa wannan cikin abin da suke nema.

Mataki na biyu bai ma bukatar kuɗi, umarni yake bukata. Ya kamata gwamnatin tarayya da ta jiha su kafa ƙa'idar cewa babu ma'aikata ko hukuma ko ƙaramar hukumar da za ta yi gwanjon tsofaffin injuna da motoci da taragai, ko ta rushe tsohon ginin aiki, sai ta sanar da hukumar gidajen tarihi ta kuma ba ta wa'adi ta zaɓi abin da ya cancanci ajiya. Ba a ce a ajiye komai ba. Samfuri ɗaya mai kyau daga kowane iri ya wadatar, sauran a sayar. Wannan ya zama da gaggawa ganin cewa a 2021 an ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da ya ratsa Jihar Bauci, da kuma sabon layin Kano zuwa Maraɗi mai reshe zuwa Dutse. Sau da yawa lokacin sabunta aiki ne ake share tsohon da buldoza ba tare da kowa ya ankara ba. Haka kuma lokaci ya yi da Majalisar Tarayya za ta sake duba dokar 1979 domin ta ambaci kayan masana'antu da na sufuri ƙarara.

Mataki na uku shi ne a ɗora wani ɗan kaso a kan manyan kwangilolin sufuri. Gwamnatin tarayya ta fara sayar da takardun lamuni na Sukuk a 2017, inda ta tara Naira biliyan 100 a karon farko domin ayyukan hanyoyi 25, kuma aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa wannan yanki yana cikin waɗanda suka amfana. Da a ce kowace kwangila irin wannan tana ɗauke da sharaɗin cewa ɗan kwangila zai ɗauki hoto da awon tsohuwar gada ko tasha kafin ya rushe, ya kuma kai abin da aka zaɓa inda za a ajiye, da kuɗin bai kai a lura da shi a cikin jimlar kwangilar ba. Wanda ya zo da katafila da kirani wurin aiki, ɗaga tsohon inji guda ba zai gagare shi ba.

Mataki na huɗu shi ne a guji gina sabon katafaren gini da sunan gidan tarihi. An sha ganin yadda ake ƙaddamar da irin waɗannan gine-gine da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, bayan 'yan shekaru rufi ya yaye, ma'aikata su rasa kuɗin wuta. Tsohon rumbun ajiyar gyaɗa ko tsohon ofishin En'e shi kansa kayan tarihi ne, kuma gyaransa ya fi sabon gini araha. Ana iya ware ɓangare guda domin nuni, sauran a ba da haya ga masu ajiyar hatsi ko masu koyar da sana'a, kuɗin hayar ya riƙe mai gadi da gyaran rufi. Ginin da ake shiga kullum ba ya faɗuwa da wuri, kango ne yake gayyatar ɓarawo da jemage.

Mataki na biyar, wanda shi ne zai magance matsalar kuɗin riƙo, shi ne waƙafi. Zakka tana da mutanen da Alƙur'ani ya ƙayyade mata, ba a karkatar da ita zuwa wannan aiki. Waƙafi kuwa ƙofarsa a buɗe take ga duk abin da zai amfani jama'a, musamman ilimi, kuma yana da tsohuwar dangantaka da harkar sufuri a tarihin Musulunci. Rijiyoyi da tafkunan da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta sa aka yi a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka har yanzu ana kiran hanyar da sunanta. Layin dogon Hijaz da aka fara a 1900 daga Dimashƙu ya isa Madina a 1908, an gina shi ne da gudummawar Musulmin duniya aka kuma ɗauke shi a matsayin waƙafi, tsohuwar tasharsa ta Madina ma an mai da ita gidan tarihi. Jihar Sakkwato ta kafa hukuma ta musamman mai kula da zakka da waƙafi. Babu abin da zai hana attajiran Azare da Jama'are, waɗanda da yawansu arzikin gidajensu daga fatauci da sufuri ya samo asali, su tsayar da 'yan shaguna a kasuwa ko gona a fadama a matsayin waƙafi, abin da suke samarwa ya tafi ga kula da wurin ajiya da ɗaukar nauyin ziyarar 'yan makaranta. Irin wannan ya fi gidauniyar rana ɗaya da ake sanar da miliyoyi a lasifika amma a kasa karɓo rabinsu.

Ƙungiyoyin direbobi da na masu motocin haya da na 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa, domin tarihin nasu ne. A hannunsu ko a hannun magadansu tsofaffin motoci da lasisi da rasit da hotuna suke. Haka nan sarakunan ruwa da masunta na gaɓar kogin Jama'are su ne suka san sassaƙar kwale-kwale da sunayen mashigai da yadda ake fito lokacin da kogi ya kawo. Fadojin Katagum da Jama'are kuwa su ne za su iya kiran duk waɗannan mutane su zauna wuri guda, kuma maganarsu ce za ta sa mai abu ya yarda ya fito da shi.

Sai dai duk wannan ba zai yi ƙarko ba in babu amana. Dalilin da ya sa mutane suke ƙin ba da kayansu ko kuɗinsu ga irin waɗannan ayyuka shi ne tsoron kada su ɓace a hannun 'yan kaɗan. Saboda haka wajibi ne a kafa kwamitin amintattu mai rajista, da wakilan fada da makarantu da 'yan kasuwa da hukumar gidajen tarihi, a buɗe rajistar da za a rubuta kowane kaya da sunan wanda ya bayar, a kuma riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowace shekara. Sai an ga irin wannan tsari a ƙasa ne masu ba da tallafi na waje, kamar asusun jakadun Amurka na kare al'adu da aka kafa a 2001, suke sauraren mai nema. Tallafin waje ƙari ne a kan abin da mai gida ya fara, kowa ya san in ana ɗaukar mutum ba ya noƙe wuya.

Jihar Bauci tana da dalili na musamman na shiga gaba a wannan fage. Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa da ke Bauci yana cikin wuraren tarihi na ƙasa, ya riƙe muƙamin ministan ayyuka daga 1952, daga baya kuma na sufuri, kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma a zamaninsa ne aka shimfiɗa layin dogon da ya ratsa jihar zuwa Maiduguri. Jihar da ta san darajar zanen duwatsun Shira da Geji da gidan Madaki na Kafin Madaki ba za ta rasa gurbin da za ta sa sikeli da kwale-kwale da tarakta ba.

Abin da ake bukata a yanzu daga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Jama'are da Katagum da Zaki da maƙwabtansu bai wuce abu biyu ba: umarnin dakatar da gwanjon tsofaffin kayan aiki har sai an tantance su, da kuma zama da makarantu da fadoji domin a fara ƙidaya kafin wata damunar ta zagayo. Sauran matakan za su biyo baya gwargwadon abin da ƙidayar ta nuna. Jinkiri ne kaɗai ba shi da magani a wannan al'amari, domin 'yan jari-bola suna aiki kowace rana, tsatsa da gara kuma ba sa jiran a zartar da kasafin kuɗi.